Rufaida da Jirgin Gore

Kwana shida Rufaida ta yi a Dakar, amma ba ta ga komai ba sai bangon otel da ordinatarta, wato kwamfuta. Fassara take yi wa wata ƙungiya ta intanet, aikin kuma ya biyo ta har bakin teku. Ranar ƙarshe ta samu awa biyu, ta ruga don ta shiga jirgin ruwan tsibirin Gore.

Tana cikin layi sai ga kiran bidiyo daga Kawu Na Allah. Ranar kasuwar garinsu Urafane ce, rezo na waya ya kama, kuma mutanenmu in rezo ya kama, mutum ba ya gaisawa shi kaɗai.

"Ɗiyata, ina gajiya? Ga Malam Sidi."

Ta gaida Malam Sidi, ta gaida mai wake, ta gaida wata tsohuwa da ta rantse ita ta yanke mata cibi. Kowa sai ya tambaye ta mutanen gida, alhali shi ke gidan!

"Kawu, jirgi zai tashi!"

"Jirgi ya fi gwaggonki Jummai ne? Gaishe ta."

Tikitinta na cikin wayar. Da mai duba tikiti ya miƙo hannu, fuskar Kawu ya gani, Kawu kuwa ya shiga tambayarsa iyali. Mutumin ya nuna mata gefe, layi ya wuce, aka rufe ƙofa.

Ta juya wayar wajen teku. "Kawu, ga jirgina can ya tafi."

"Madalla, yanzu kin samu sarari. Ga liman."