Ruwan da ke Cin Fenti

"Matthew, kar ka kuskura ka wanke min mota da ruwan unguwar nan. Fenti yake ci."

Comfort na tsugune a bayan motar tana gyara murfin kular kunu sa'ad da ta ji maganar. Oga Derrick ne, shugaban duba-gari na ƙaramar hukuma, wanda ya zo taron lafiyar al'umma a firamaren Kudenda. Direban ya zubar da ruwan bokitin ba musu. Ba wanda ya lura da ita. Dama ba a cika lura da Comfort ba.

Ta ciccibi kular ta shiga aji. Mamarta, Maman Celina, ita ta dama kunun zaƙin kyauta saboda manyan baƙi. Da kunun nan take riƙe gida, da ruwan rijiyarsu kuma take damawa. Rijiyar tana dab da lambatun da ke kwaso ruwan kamfani, yau shuɗi, gobe baƙi. Debby, jaririyar yayarta Celina, ta daɗe tana gudawa, ga ƙuraje har wuya. Comfort ta sha tsayawa tana leƙa rijiyar, amma ba ta taɓa tambayar kowa ba.

Tun a hanya Mama ta ja mata kunne. "Ke, in mun je ki ɗinke bakinki. Tun da duba-gari suka rufe rijiyar Maman Vicky, wa ya ƙara sayen zoɓonta?"

Fasto ya buɗe taro da addu'a, Liman ma ya yi tasa. Baba Istifanus mai unguwa ya gabatar da baƙi ɗaya bayan ɗaya, da muƙamansu, har da wanda bai zo ba. Daga nan aka shiga maganar awaki masu yawo a layi, aka daɗe a kai, don kowa ya san akuyar wa ake nufi.

Cyril bakanike ne ya miƙe daga baya. "Oga, a bar akuya. Wannan lambatu fa? Wari ba ya bari mutum ya ci abinci."

Oga Derrick ya warware wata taswira ya manna a allo. "Ku duba da kyau. A tsarin gwamnati, nan wurin masana'antu ne. A ƙa'ida ma babu mutane a nan."

"Au, mu aljanu ne ke nan?"

Aji ya kwashe da dariya, har da Oga.

"Ruwanku kuwa," in ji shi, "lafiyarsa ƙalau. Matsalarku ɗaya ce, ba ku iya wanke hannu ba."

Ya sa aka kawo roba da sabulu. Ya naɗe hannun riga, ya nuna musu yadda ake cuɗa tsakanin yatsu, Matthew na tsiyaya masa ruwan gora daga katan ɗin da kamfanin ya aiko. Aka yi tafi. Comfort na kallon ruwan yana gangarowa daga yatsunsa, garau. Fenti yake ci, maganar ta ƙi barin kunnenta.

Da aka zo shan kunu ita ta zagaya da kofuna. Oga Derrick ya ɗaga nasa ya shanye, ya miƙo a ƙara.

"Kai! Madam, wannan kunu ya yi. Meye sirrin?"

"Hannu ne kawai, yallaɓai," in ji Mama, tana rufe baki da gefen zane.

Baba Istifanus ya buga tebur. "To, saura tambaya ɗaya kafin addu'ar rufewa. Ta mata ce, don kar a ce mata ba su yi magana ba."

Mata suka sunkuyar da kai. Wata ta hau gyara goyon da ba abin da ya same shi. Baba Istifanus ya nuna Comfort.

"Ke, 'yar Maman Celina. Ba kin gama sakandare ba? Tashi ki ce wani abu, ko godiya ce."

Comfort ta miƙe. Mama ta mintsine ta a cinya. Daga bencin baya Debby ta fara kukan nan nata mara ƙarfi, Celina na jijjiga ta. Idan ta yi magana, gobe za a zo da siminti a rufe rijiya, kular Mama ta koma ƙarƙashin gado. Ta san haka sarai.

"Yi magana, 'yata, muna jin ki," in ji Baba Istifanus.

Oga Derrick ya yi mata murmushi, ya sake kai kofi baki.

"Yallaɓai," ta ce, "ruwan da ka ce wa direbanka yana cin fenti, da shi aka dama kunun nan. Shi Debby take sha. Cikin jariri ya fi fentin mota ƙarfi ne?"