Wayar da Yusha'u ya kurmantar

Kai Yusha'u mai gyaran waya na kasuwar Goronyo, kai ka sa wata ta wanke gawar Safiyatu ina raye. Kada ka ce ba ka gane ni ba. Ni ce Inno ta Taloka, tsohuwar da ta kawo maka baƙar waya mai madanni ɗaure cikin gefen zane, wadda ta faɗa mani cikin ruwan fadama.

Safiyatu ƙawata ce tun muna 'yan mata, aure ya kai ta Marnona. Shekara takwas ke nan da ta kama hannuna ta ce, "Inno, in na riga ki, ke za ki wanke ni, ke kaɗai." Akwai abin da ke jikinta wanda ba ta son idon kowa ya gani, ko ɗiyan cikinta. Ba zan faɗa maka ko mi ne ba. Na yi mata alkawari, ta kira ɗiyarta Hafiza ta shaida.

Ran da na zo wurinka tana kwance ba lafiya, shi ya sa nike gaggawa. Ka buɗe wayar, ka hura mata iska mai zafi, ka ce wani ɗan abu ya yi tsatsa, babu irinsa sai an aiko daga Sakkwato, kwana uku. Na ce ba ni iya kwana uku ba waya. Wannan na faɗa, ba ni musu, kuma har yau shi ke hana ni cin tuwo. Amma mi ka ce mani?

"Inna, kwantar da hankalinki, akwai dabara."

Ka cire abin, ka liƙa wani silin wayar ƙarfe a gurbinsa, ka rufe. Ka nuna mani sandunan sabis huɗu a fuskarta, ka kira ta da taka ta yi ƙara. Har kana dariya: "Ga ta nan ta fi sabuwa, sai dai ki ba mu goron albishir." Ƙarfen sabis kuwa yana tsaye bisa kan rumfarka. Ni ina na san wannan?

Gidanmu wuri guda sabis ke kamawa, ƙusar da ke jikin rumbu. Duk wanda ke da waya nan yake rataye ta. Na rataye tawa, na jawo tabarma na zauna ƙarƙashi ina tsince shinkafa. Ni ban iya kira ba, koren madanni kawai na sani in ta yi ƙara. Kwana huɗu ba ta yi ƙara ba. Da maƙwabciya ta tambaye ni jikin Safiyatu, sai na ce da sauƙi, tunda ba a kira ba. Da bakina na faɗa, ina murmushi.

Ran na huɗun, bayan la'asar, mai babur ya tsaya ƙofar gida. Ya ce Safiyatu ta cika tun da hantsi. Hafiza ta kira ni har hannunta ya gaji, ana ce mata a kashe take. Sun riƙe gawa har azahar suna jirana, liman ya ce ba a ƙara jinkiri. Mata ukku sunka shiga ɗakin, wata cikinsu ta wanke ta.

Da na isa Marnona, na yi sallama tsakar gida cike da mata, amsawar ma ƙasa-ƙasa. Hafiza, yarinyar da na goya da bayana, ba ta tashi ta karɓi mayafina ba.

"Inna, sannu da zuwa. An gama."

"Ɗiyata, wallahi ban ji kira ba."

"Allah sarki. To ai ga wayar hannunki."

Wata daga bayan turmi ta ce, "Wasu in sun ji aiki ya zo sai su kashe waya." Ba wadda ta tsawata mata. Na ɗaga wayar in nuna masu, sai ga ta kunne, har da sanda biyu, don Marnona kusa da ƙarfe take. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Na zauna bakin ƙofa wurin takalma har magariba, ni da ya kamata in zauna kusa da ɗiyanta.

Da zan koma na tsaya Wurno, wurin wani mai gyara, Abdulƙadiri. Ya buɗe ta, ya duba da gilashi, sannan ya ce in matso. Ya nuna mani gurbin wani abu da bai kai ƙwayar gero ba.

"Inna, nan matatar sabis take zama. Kin san rariya? Iska cike take da hayaniya, ita ke tace kiranki ta bar tarkacen waje. An cire ta an tsallake da silin wayar ƙarfe, kuma liƙin bai kama da kyau ba, ɗan sabis ɗin da ya shigo nan yake zubewa. Gindin ƙarfe za ta yi. A ƙauye kurma ce."

Na ce, "Mai gyara ya san haka?"

Ya sunkuyar da kai yana goge ƙarfen dalmarsa. "Duk mai wannan sana'a ya sani."

To ka ji. Ka san daga Taloka nike, ka tambaye ni ma ko an fara cirar albasa. Kalma guda ta ishe ka: Inna, can gida ba ta ji. Da na kwashi tabarmata na tare Marnona tun ranar.

Abdulƙadiri ya sa mata sabuwar matata, yanzu ƙara take har cikin ɗaki. Hafiza ce dai ba ta kira ba.

Ba waya nike nema wurinka ba. Jibi sadakar bakwai. Ka rufe rumfarka ka hau mota, ka tsaya zauren gidan Safiyatu inda matan ciki za su ji muryarka, ka faɗa wa Hafiza abin da ka cire da abin da ka liƙa, da cewa ba ka gargaɗe ni ba. Ni zan faɗi nawa, cewa na yi gaggawa. In ba ka zo ba, ranar kasuwa ina zaune gaban rumfarka, duk wanda ya miƙo maka waya sai ya ji labarin nan, har sai ka tashi ka amsa.