Biran Caw a Maƙerar Gora

Duk garin Mbur, daga unguwar masunta har bayan tasha, ba a ganin maulidi ya cika in ba Biran Caw ne ya ja baki ba. In ya ɗaga murya da ƙasidar yabon Manzo, tsofaffi kan rufe fuska da hannun riga, mata masu shanyar kifi su tsaya cak da kwando a ka. Masu yi masa amshi tashi tsaye suke yi in ya shigo. Mutane kan ce ba su taɓa ganin mai tawali'u irinsa ba, shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni wane ne?" Yana jin daɗin faɗin hakan ƙwarai.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Mamur, kuma shi ya ɗauko muryar. A bayan ubansa yake zama wajen zikiri, kowa ya san shi ne magaji. Ana nan sai yaron ya ce ya ga matar aure, Kudiya, 'yar Gora maƙeri mai yi wa masunta ƙugiya da anga.

"'Yar maƙera?" in ji Biran. "A gidan da kakanka ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa?"

"Baba, kai kake rera mana cewa duk ɗaya muke a wurin Allah."

"A wurin Allah na ce. Nan kuwa gidana ne."

Matarsa Ngone ta yi roƙon duniya, ya ƙi. Mamur ya samu wani kawunsa ya tsaya masa, aka ɗaura aure. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, da yaron ya zo zai zauna inda ya saba, Biran ya dakatar da amshi, ya ce a gaban kowa, "Ni ba ni da ɗa mai wannan suna. A ba shi hanya." Mamur ya ɗauki takalmansa ya fita.

Mamur ya shiga sana'ar su a kwale-kwalen wani, a shekarar da teku ta yi rowa. Samarin unguwa suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sai dai a ji wane ya hau jirgin katako ya nufi Sifen. Wata rana da hantsi Ngone ta shigo zaure, inda Biran ke zaune da manyan baƙi daga Dakar, ta raɗa masa cewa Mamur yana ƙofar gida.

"Ki ce masa ina da baƙi."

"Malam, ɗanka ne fa."

"Kin ji abin da na ce."

Ba a jima da wannan ba jirgin da Mamur ya hau ya bar gaɓa. Aka yi ta jira. Waɗanda suka tafi bayansu suka isa, suka bugo waya, su kuwa shiru. Daga baya dai liman ya tara iyaye ya ce a yi sadaka. Babu gawa, babu kabari.

Biran bai fasa zikiri ba ko sau ɗaya. Muryarsa ma ta ƙara zaƙi, ta samu wata rawa da ke sa maza kuka. Ana ta nuna shi ana cewa ga tawakkali. Wata rana ya dawo daga maulidi yana ba Ngone labarin yadda jama'a suka yi ta sheshsheƙa. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Da ransa ka kore shi," in ji ta. "Yanzu kuma mutuwarsa ka mayar abin ƙawata murya. Allah ya ba ka lada, Malam."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya shirya ya hau mota zuwa ƙauyen shehinsa, Serin Madike, wanda ya ba shi wuridi tun yana saurayi. Ya ɗauka tsohon zai dafa kansa, ya yaba haƙurinsa, ya ƙara masa wani sirri da zai riƙa ja. Ya same shi a gindin kuka yana ɓarar gyaɗa, ƙafafu a miƙe. Biran ya durƙusa ya zayyana baƙin cikinsa cikin magana mai tsari, da aya da hadisi. Tsohon ya bari har ya gama.

"Na ji matar yaron ta haihu," in ji Serin. "Me aka samu?"

Biran ya kawar da kai.

"To, yaya sunan abin da aka samu?"

"Allah ya gafarta Malam, ban sani ba."

"Ka san baitin ƙasida fiye da gashin kanka, ba ka san sunan jikanka ba." Ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa. "Daga yau ka ajiye jan baki. Ka tafi maƙerar Gora, ka zauna ka riƙa yi masa zuga, har sai shi ya sallame ka."

"Ni, Malam? A maƙera? Ai gara in je in nemi gafararsu a gaban jama'a."

"Na san ka fi son haka. Neman gafara ma a bakinka waƙa zai zama, a tashi ana yaba ka. Kada ka roƙi kowa komai. Ka je ka yi zuga."

Biran ya dawo gida yana huci, ya daɗe yana kai gwauro yana kai mari. Amma bai taɓa saɓa wa shehinsa ba, ga shi barci ya ƙaurace masa. Wata safiya ya sa tsohuwar riga ya tafi.

Gora ya miƙe a rikice da ganinsa, yana neman kujera. Biran ya faɗa masa umarnin Serin, ya zauna a ƙasa ya kama zuga-zugi. Kafin azahar labari ya gama kasuwar kifi. Mutane suka riƙa ƙirƙiro aiki don su zo su gani. Wani tsohon masunci, Jegan, abokin wasansa tun suna yara, ya leƙo ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai, Caw! Ashe iskar da ke ƙirjinka ta samu inda za ta yi amfani! Gora, ka matsa masa, bawana ne, malalaci ne tun asali."

A da Biran zai rama da wadda ta fi ta zafi. Ranar sai ya ci gaba da zugarsa. Hannuwansa suka yi kanta, hayaƙi ya dusashe masa murya. Wani daga cikin masu amshinsa ya karɓi jan baki, kuma maulidi ya cika ba tare da shi ba. Wannan ya yi masa ciwo har ya ji kunyar yadda ya yi masa ciwo.

Abin da ya fi tsorata shi kuwa, wata rana yana cikin zuga sai ya kama kansa yana tsara yadda za a ba da labarin nan gaba: babban mai zikiri da ya ƙasƙantar da kansa a gidan maƙera. Ya koma wurin Serin ya faɗa masa, wannan karon ba aya ba hadisi.

Tsohon ya yi murmushi. "Yau ka fara ganin ɓarawon da ke kwana a ɗakinka. Ba ya fita da kora ɗaya. Koma bakin aikinka."

Kullum da rana Kudiya kan kawo wa ubanta shinkafa da kifi, da goyo a bayanta. Ba ta taɓa duban inda Biran yake ba. In Gora ya ce ya matso su ci, yakan ci, idonsa a kan akushi. A bakin Gora ya ji cewa yaron namiji ne, sunan ubansa aka mayar masa.

Ran nan Gora ya tafi bakin teku kai anga, ta zo ta tarar da Biran shi kaɗai. Ta ajiye kwanon za ta juya, sai ta tsaya.

"Baba, ka san abin da ya kai shi ƙofarka ranar nan?"

Ya girgiza kai.

"Ba roƙo ya je yi ba. Ni na hana shi tafiyar, na yi kuka har na gaji. Sai ya ce mini zai je wurinka, in ka ce kada ya tafi, ya fasa. Ya ce ko zaginsa ka yi, in dai ka ce ya zauna, zai zauna." Muryarta ba ta rawa. "Ya tsaya a rana har la'asar. Da ya dawo sai ya ce mini, 'Baba yana da baƙi.'"

Biran ya saki zuga-zugin. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, mummuna, irin wanda bai taɓa bari wani ya ji ba. Ya kifa goshi a kan toka yana kuka, majina da hawaye suna cakuɗa da baƙin gawayi. Kalmomi masu kyau suka taso masa kamar yadda suka saba, ya haɗiye su.

"Ni na yi," in ji shi. "Ni ne."

Kudiya ta dube shi, karo na farko. Ba ta ce ta yafe ba. Ta gyara goyonta ta fita.

Gora ya sallame shi da kaka, amma Biran ya ci gaba da zuwa. Wajen zikiri a sahun baya yake zama, cikin masu dako da 'yan kamasho, yana amshi ƙasa-ƙasa. A gida ya fara tambayar Ngone abubuwan da bai sani ba game da ɗansa: me yake so a miya, me ke ba shi dariya. Wani lokaci ta ba shi amsa, wani lokaci ta tashi ta bar masa wurin.

Da damina ta dawo, zazzaɓi ya kama ƙaramin Mamur. Da sassafe Kudiya ta aiko a ce wa Biran ya je asibitin unguwa ya kama mata layi kafin ta iso. Ya tafi da sauri, ruwa yana dukansa, ya tsaya cikin mata masu goyo. Wata ta dube shi sama da ƙasa.

"Tsoho, kai kuma wa kake riƙe wa?"

"Surukata," in ji shi. "Kudiya, 'yar Gora maƙeri."

Da ta iso, aka ce ta shiga ta karɓo kati tukuna. Ta waiwaya tana neman wadda za ta ba yaron, duk hannuwansu a cike. Ta dubi Biran, sannan ta kwance zanen goyon ta miƙa masa yaron.

"Tallafe masa kai, Baba. Ba ya son a jijjiga shi."

Jikin yaron zafi rau kamar garwashi. Biran ya rungume shi a ƙirji, ya juya wa ruwan baya don kada ya taɓa shi, ya tsaya a layi yana jira a kira su.