Cuɗar Baya

Tsutomu ya ja wata 'yar ƙofa a bayan motar, yana washe baki kamar shi ya ƙera ta.

"Kun gani? Har da wurin wanka. Ruwan ɗumi, ba sai an fita ba."

Matarsa Sachie ta leƙa. Wani ɗan akurki ne da ko juyawa mutum ba zai iya yi a ciki ba. Sun zo wurin masu ba da hayar motocin kwana ne a bakin garin Asahikawa, su zaɓi wadda za su yi hutun hunturu a cikinta. Yaransu biyu, Kaho da autan, tuni sun haye gadon sama suna gardamar inda za a jera katakon zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Nan take Sachie ta gane. Wa yake neman mota mai wurin wanka a ƙasar da kowane gindin dutse ke da maɓuɓɓugar ruwan zafi? Duk shekara yara kan wuni suna zamiya a dusar ƙanƙarar Furano, da yamma a je a jiƙa jiki, maza ɓangarensu, mata nasu. Amma bara likitoci sun cire mata nono ɗaya, tun daga nan kuwa ba ta sake tuɓewa gaban wata mace ba. Tsutomu bai taɓa ɗaga maganar ba. Irin mutanen nan ne da gara su yi maka ɗawainiyar wata guda da su furta kalma ɗaya. Tausayinsa ya kama ta, amma kunya ta fi tausayin yawa.

Surukarta Fumie ta hawo da ƙyar, ta zunguri ƙofar wurin wankan da sandarta.

"Kai Tsutomu, wannan fa? Kejin kaji?"

"Iya, don sauƙi ne. Sanyin bana..."

"Ya fi na shekarar da na haife ka? Rufe mini baki. Ni a kai ni maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Tokachi, ƙasusuwana kuka suke."

"To sai ki shiga, mu jira ki a mota."

"Ni kaɗai? Wa zai cuɗa mini baya, kai?"

Tun zuwan Sachie gidan, ita ke cuɗa wa tsohuwar baya kafin a shiga ruwa, tsohuwar kuwa ba ta taɓa cewa madalla ba. Tsutomu ya sosa ƙeya, ya tattara yaran wai su je su duba tayoyi.

Sachie ta sunkuyar da kai. "Iya, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Mata za su kalle ni."

"Za su kalla mana, wa ya hana ido gani?" Tsohuwar ta zauna a bakin gado tana nishi. "Amma sai sun fara wuce ni tukuna. Hagu ne, ko? To ta nan zan zauna. Wanda ya ƙare kallon wannan yamutsattsen jikin nawa, ina zai sami ƙarfin kallon wani?"

Dariya ta kuɓuce wa Sachie, hawaye suka biyo baya.

"Kuma bana ke za ki juya mini baya," in ji tsohuwar, idonta na kan taga. "Na gaji da wannan cuɗar taki ta marasa cin abinci. Zan nuna miki yadda ake yi."

Godiya ta cika wa Sachie ƙirji. Ta riƙe hannun surukarta, ita kuwa ba ta janye ba.

Tsutomu ya leƙo a tsorace, ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Mu ɗauki wannan ɗin?"

Sachie ta share fuska.

"Baban Kaho, ka sa Tokachi a ranar farko," ta ce. "Kafin in sake shawara."