Tambayar Kuku a Bakin Tafinta

A shekarar da layin dogo ya kusa isowa Maiduguri, gidajen unguwar Turawa suka cika da injiniyoyi, kowane gida yana neman mai dafa abinci. Dzarma kuwa aikinsa ke nan. Mutumin ƙasar Biu ne, ya daɗe yana yi wa wasu 'yan mishan girki a can, har suka tsufa suka koma ƙasarsu. Sai ya kwaso matarsa Rebeka da 'yarsu Susanna, suka zo Maiduguri suka kama ɗaki a unguwar Umarari.

Gambo mahauci, na Kasuwar Litinin, shi ya fara tsegunta masa cewa gidan wani injiniya na neman kuku. Yana faɗa yana wasa wuƙa, bai ɗago kai ba. Da Dzarma ya ce ai wannan abin murna ne, sai Gambo ya ce shi dai cikin shekara guda kuku uku ya gani sun zo sayen nama daga gidan nan, kowanne ya ɓace ba sallama. Dzarma ya nemi dalili. Gambo ya ce nama yake sayarwa, ba labari ba.

Wannan magana ta tsaya wa Dzarma a rai. Da ya gaya wa Rebeka, ta ce masa ya je, amma kada ya tsaya kamar akuyar da aka kai kasuwa, ana duba haƙoranta ita ba ta duba na kowa.

"Baban Susanna, su ma ka tambaye su," in ji ta. "Ranar Lahadi fa? Makullin sito a hannun wa yake? Kukun baya me ya kore shi? In sun ji haushin tambaya, ka ga amsa ke nan."

Ya isa gidan da hantsi, sanye da farar rigarsa ta aiki. Wanda ya tarbe shi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro shi ne Hamisu, babban boyin gidan, Bakano ne dogo mai laushin murya. Shi ne kuma tafinta, domin Madam Margaret, matar injiniyan, ba ta jin Hausa sai sannu da na gode. Hamisu ya dube shi daga hula har takalmi, ya ce in sun shiga ya riƙa ba da amsa gajere, Madam ba ta son dogon zance.

A baranda aka yi ganawar. Madam na zaune a kujerar kaba, siririyar mace ce mai yawan murmushi, Hamisu na tsaye a gefenta. Ta tambaya ko ya iya burodi, ko ya iya gasa kaza a tanda, ko yana tafasa ruwan sha kafin ya tace. Dzarma na ba da amsa, Hamisu na juyawa. Daga yadda take gyaɗa kai ya ga alamar abin ya yi mata. Har ta fara miƙewa, sai ya ce shi ma yana da tambaya.

Hamisu bai juya wannan ba. Ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Malam Dzarma, nan gidan ba a haka. Kai aka kira a tambaya."

Dzarma ya ce ya ji, amma a daure a isar masa. Madam ta ga suna magana ta ɗaga gira, dole Hamisu ya faɗa mata wani abu. Ta koma ta zauna, kamar ma abin ya burge ta.

Ya fara da mai sauƙi. Ya ce yana zuwa coci ranar Lahadi da safe, ko za a riƙa ba shi wannan lokacin? Hamisu ya juya da Turanci, Madam ta yi dariya ta amsa, Hamisu ya ce ta ce za a duba.

Dzarma ba ya jin Turanci, amma wanda ya yi shekaru a gidan mishan ba zai kasa gane sunan Lahadi da na coci a bakin Bature ba. Ya kasa kunne sosai, bai ji ko ɗaya ba. Abin da ya ji shi ne sunan ruwa. Amma ya ce a ransa wataƙila kunnensa ne.

Ya yi ta biyu, wadda ta kawo shi. Ya ce kukun da ya gabace shi, me ya sa ya bar aikin? Wannan karon bakin Hamisu ya zuba wa ido. Hamisu ya yi magana a taƙaice, Madam ta waiwaya ta nuna kicin da hannu, tana kwatanta wani abu mai faɗi. A cikin maganarta Dzarma ya tsinci sunan itace da na wuta. Bayanin murhu take yi. Hamisu ya dube shi ido cikin ido ya ce wai ta ce mutumin gida ya tafi.

Yanzu kam ba kunnensa ba ne. Ya tuna Rebeka da ɗakin haya, ya tuna cewa in ya yi godiya ya tafi, aikin nasa ne. Amma ya ga gidan da zai shiga, duk abin da zai fita daga bakinsa sai ya bi ta bakin wannan mutum kafin ya kai ko'ina.

Sai ya matsa gaba kaɗan, ya fuskanci Madam da kansa. Ya tattara 'yan kalmomin Turancin da ya tsinta a kicin, ya jera su kamar mai jera duwatsu a rafi: kuku, tafi, don me. Ya ɗaga yatsu uku.

Murmushin Madam ya ɗauke. Ta amsa a hankali, tana taimaka wa maganar da hannu, har ya gane: uwar kukun ce ba lafiya. Ya lanƙwasa yatsa ɗaya, ya nuna na biyu. Ta ce shi ma uwarsa. Da ya nuna na uku, ta fara cewa uwarsa, sai ta juya ta dubi Hamisu. A nan Dzarma ya fahimci ita ma daga baki ɗaya ta ji labarin duka ukun, kuma sai yau ta jera su wuri guda.

Hamisu bai razana ba. Ya yi mata magana mai tsawo cikin ladabi, hannuwansa a baya. Ta saurara, ta sake duban Dzarma, ta ce Litinin. Wannan kalma ya san ta. An ba shi aiki.

Hamisu ya rako shi har bakin ƙofa. Sai da suka wuce inda za a hango su daga baranda ya tsaya.

"Ka ɗauka cutarka nake yi," in ji shi. "Maigidan nan in ya sha, saurin hannu gare shi. Inuwa, kukun da ka tambaya, da faranti ya jefe shi. Madam ba ta so ta sani, ni kuma ba zan gaya mata ba, ina da iyali. Da na juya tambayarka yadda take, da yamma za ta kai masa, a kaina abin zai ƙare. Ni dai na gaya maka don Allah. In ka ga dama ka zo."

Dzarma ya yi masa godiya ya kama hanya. Maganar ta yi kama da gaskiya, har ya ji kunyar zarginsa. Amma kafin ya kai kwalta wani tunani ya zo masa: in tausayinsa Hamisu yake ji, me ya hana shi faɗa tun ƙarƙashin dogon yaro, kafin a shiga? Kuma tambayar Lahadi, wa za ta jawo wa duka?

Bai nufi gida ba. Ya koma wurin Gambo, ya ce ba labari yake nema ba, kwatancen inda Inuwa yake kawai. Gambo ya ce ya duba masu shayi a bakin tashar mota ta wajen Bulabulin.

Can ya same shi, gajeren mutum mai furfura a gemu, yana yanka burodi, da tabo a gefen goshi. Dzarma ya sayi shayi ya zauna, ya faɗi ko shi wane ne da inda ya fito. Inuwa ya ce tsohuwarsa ta rasu tun yana saurayi, don haka bai san wace uwa ce aka ce ba ta da lafiya ba. Batun faranti kuwa gaskiya ne, ga shaida a goshinsa.

"To ashe Hamisu bai yi mini ƙarya ba," in ji Dzarma.

Inuwa ya zuba wa wani direba shayi, ya karɓi kofin da aka miƙo ya ɗauraye, sannan ya dawo.

"Bai yi ba. Sai dai ni ban taɓa ganin Baturen ya ɗaga hannu haka kawai ba. Kullum sai Hamisu ya gaya masa wani abu tukuna, da Turanci, ina tsaye. Ranar farantin, cewa na yi a faɗa masa naman da aka kawo daga kasuwa bai kai abin da aka saba ba. Har yau ban san me aka gaya masa na ce ba."

Ranar Litinin Dzarma bai je ba. Rebeka ta ƙara yawan ƙosan da take soyawa a ƙofar gida. Suka sha wuya har damina ta wuce, kafin ya sami aiki a wurin cin abincin ma'aikatan layin dogo. Mai kula da wurin wani dattijo ne Babarbare, Malam Kashim, Hausarsa da nauyin harshe amma tasa ce. Dzarma ya yi masa tambayoyinsa duka. Dattijon ya amsa wasu, ya ce wasu ba ruwansa, ya ba shi Lahadi har azahar.

Sau ɗaya ya sake ganin Hamisu, a rumfar Gambo, da wani sabon kuku a bayansa riƙe da kwando. Hamisu ne ke zaɓen naman. Suka gaisa da Dzarma cikin mutunci, ya tambayi iyali, Dzarma ya ce lafiya lau.