Banɗakin Inna Shatu

Da gwiwoyin Inna Shatu suka fara gaza kai ta banɗakin ƙarshen gida, autanta Munzali, magini ne a Daura, ya ɗauko kayan aikinsa ya taho Baure. Ya yanki gefen ɗakinta ya fitar mata da banɗaki, ya jawo bututu daga tanki. Saura daɓe da tayil, ya ce ta fara amfani da shi haka.

Kwana biyu ta daina shiga. Ya tarar da ita tana dogara sanda da buta a hannu, za ta tsohon wurin.

"Inna, me ya faru?"

"Auta, bangon nan da zaure ɗaya ne. Ina buɗe famfo sai ƙarfen nan ya kama kuka yana dukan bango. Yayanka na zaune da baƙi, kowa ya san inda nake. Da tsufana?"

Munzali bai yi musu ba. Ya fasa inda ya riga ya shafe, ya tono bututun. Ya samo tsofaffin robobin tayar babur wurin mai faci, ya yanyanka, ya naɗe bututun tun daga sama har ƙasa, ya ɗaure shi tamau, ya cike ramin da yashi.

Sannan ya koma kan daɓen. Ya kankare tsohon siminti, ya kirɓe ƙasar har ta daina motsi, ya zuba sabo ya karkata shi kaɗan zuwa rariya. Da ya bushe ya kwara bokiti guda. Ruwa ya kwanta a kusurwa ɗaya, sai ya sake gyara wurin. Tayil mai kaushi ya shimfiɗa saboda santsi.

Ran da ya gama, Inna ta ce ita za ta gwada. Ta zauna a zaure, ta jingina kunne da bango, ta sa jikarta Raihana ta shiga ta saki famfo.

"Ke Raihana, ki buɗe mana!"

"Ai tun ɗazu yake zuba, Inna!"

Ta ƙara kasa kunne. Can ta ce wa Munzali, "Allah ya yi maka albarka."

Da la'asar ta aika aka kira maƙwabciyarta Laraba. Ta ja ta har ciki, ta kwara ruwa, suka tsaya suna kallo yana gangarawa.

"Taka ki ji, ba ya santsi," in ji Inna. "Ba wani aka ɗauko ba fa. Autana ne."