Fuskar Habu Masaƙi

Lado ne ya yanka hoton. Shi da kansa, da almakashin wani tela a bakin tashar mota a Kano. Duk wanda ya ce muku ba haka aka yi ba, to ya ci goron Lado ne.

Kuma ba hoton wata bare ya yanka ba, na Turai ne, matar wansa Habu. Lokacin da aka kawo Turai gidan nan na garin Ba'awa, Lado yana yawo tumɓur da majina har baki. Ita ta goya shi, ita ta wanke masa ƙazuwa da sabulun salo yana ihu. Yau ga shi da gemu da keke, ya je Kano sau ba adadi, yana ganin duk garin ba wayayye sai shi.

Habu masaƙi ne, Turai kuwa mai kaɗi. Shekara arba'in da ɗoriya ita tana kaɗa zare, shi yana saƙawa a gindin tsamiyar bayan gida. Haihuwa bakwai ta yi masa, duk bakwai ɗin ƙasa ta rufe musu ido tun ba su yi wayo ba. Don haka a duk faɗin ƙasar Kiru babu mahaluƙin da ya ɗauko goshin Habu, ko wushiryar nan tasa da ba ta fitowa sai an ci ƙarfinsa da dariya.

Shekara guda bayan zuwan Sarauniyar Ingila Kano, Habu ya ce zai tafi Makka ta hanyar gabas, inda mota ta samu a hau, inda babu a taka. Kowa ya san hanyar nan. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai, wani kuwa sai dai labari. Turai ba ta hana shi ba, wa zai tare wa mutum hanyar ɗakin Allah? Amma ta taɓa ganin hoton ɗan maƙwabciyarta Asibi, wanda yake soja, kuma abin ya tsaya mata a rai. Wata rana da hantsi ta kai masa fura masaƙa, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

“Malam, mai hoton nan da yake zuwa kasuwar Kiru, ina so ya zo ya yi mana. Ni da kai.”

“Ni da ke? A zaune wuri guda, da furfurarmu? Turai, so kike garin nan ya samu abin taɓa baki har kaka mai zuwa?”

“Su taɓa. Da ina da ɗa ko guda ɗaya mai kama da kai, da ban roƙe ka ba.”

Ƙoshiyar saƙar ta tsaya a hannunsa. Can ya ce, “To, sai ki kaɗo mai laushi. Ba za a ɗauke ni da wannan tsumman ba.”

Wata uku suka yi suna shiri. Ta tsince audugar da ta fi kowacce fari, ta kaɗa zare siriri har yatsunta suka tsage, alli ya daina kama su. Ya saƙa shi ƙyalle guda mai tsawo, aka kai marina aka turo shi baƙi wuluk yana ƙyalli, aka raba biyu: rabi rigarsa, rabi zanenta. Wurin zama ma sai da aka yi ta ja. Shi ya ce ya zauna a kujera, ita ta tsaya daga baya kamar yadda ya dace.

“In tsaya a bayanka kamar mai bin ka da buta? A tabarma guda za mu zauna.”

“To, a bar kamu guda tsakaninmu.”

“Kamu guda? Akuya za ta wuce ne?”

A ƙarshe suka shirya a kan taƙi guda, tsawon tafin hannu a buɗe. Kuma don kada wurin ya zauna fayau, ita za ta riƙe mazarinta, shi ya riƙe ƙoshiyarsa, zare guda ya taso daga hannunta ya shiga nasa. Wannan dabarar Habu ce, kuma da ya faɗe ta sai da ya kau da kai don kunya. Abu guda ne ya ƙi: ya ce mai niyyar Makka ba ya washe baki a gaban akwatin hoto.

Lado kuwa kullum ya wuce sai ya jefa tasa. “Ango da amarya! Yaya, in kira makaɗa ne? Matar Yaya, a sa lalle dai, kada a ji kunya.”

“Wuce, mai majina,” in ji Turai. A lokacin wasa ne, wasan ƙanin miji.

Mai hoton, wani Bayarabe mai suna Lawal, ya zo ranar wata Laraba bayan an gama cire gyaɗa. Ya ce da safe za a yi, don akwatin nasa hasken rana yake ci. Ya kafa shi a kan ƙafafu uku a gindin tsamiya, ya matso da shi kusa saboda katanga ta tare shi, ya ce kada wanda ya motsa. Habu ya haɗe rai kamar alƙali. Turai ta ga hannun mutumin ya nufi murfin akwatin, sai ta ce a hankali, ba ta ko juya ba, “Malam, ka sa hular a baibai.” Ƙarya take yi. Amma dariya ta ƙwace masa, wushiryar ta fito, akwatin ya kama ta.

Takarda biyu Lawal ya fitar, duk a jiƙe. Ta farko baƙa ce, fuskokinsu farare fat, idanu kamar na mutanen ɓoye. Ta biyu kuwa su ne sak. Ya miƙa musu duka ya hau kekensa. Asibi ta duba baƙar ta yi salati, ta ce irin wannan ba a barin ta a gida, in ta faɗa hannun maƙiyi an gama da mutum. Turai ta jefa ta a murhu. Ba wanda ya gaya mata cewa ita ce uwar, daga jikinta ake fitar da wasu.

Kwana tara hoton ya yi a hannunta. Ranar tafiya Lado ya ce shi zai raka wansa Kano a yi takardun hanya. Ya ce, “Matar Yaya, kawo abin nan in sa a yi masa gilashi. In kika bar shi haka, gara za ta cinye ku ku biyun kafin damina.” Ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta ba shi. Da hannunta ta ba shi.

Bayan kwana biyar ya dawo. Bai shigo ba. Matarsa Habiba ya aiko da ƙunshin, shi kuwa ya wuce kasuwar Tudun Wada. Turai ta wanke hannu ta kwance. Ga ta nan a zaune da zanenta da mazarinta. Ga zaren. Ga hannun Habu da ƙoshiya, ga rigar, ga kafaɗu. Daga wuya zuwa hula kuwa rami ne mai kusurwa huɗu, an yanke shi tsaf. Kuma an yi gilashin! A kan ramin aka ɗora shi, har da katako mai fenti.

Da ta ritsa shi a ƙofar gida, ko gezau bai yi ba.

“A ofis suka ce ba takarda sai da hoton fuska. Layin mai hoto har bakin titi, mota kuma za ta tashi bayan azahar, in ta wuce sai wani mako. Me kike so in yi? Ai Yaya ya yarda. Kuma ke ma, tsofai-tsofai da ke, ki rataye kanki kusa da namiji kowa yana kallo?”

Ta haɗiye fushinta. Ta ce a ranta fuskar ai tana tare da mai ita, ran da ya dawo za ta ɓamɓare ta daga takardar ta mayar da ita gurbinta da ƙaro. Ta jingine hoton a bayan jeren kwanoninta, ta ci gaba da kaɗi tana sayar wa wasu masaƙa.

Damina biyu ta wuce. A ta uku wani mutumin Doguwa, Alhaji Sani, wanda suka tafi tare da Habu, ya yi sallama a zaure. Habu bai ga ko teku ba. A ƙasar Sudan suka tsaya tsinkar auduga don neman guzuri, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, aka binne shi a can. Turai tana daga bayan zana tana ji. Ta tambaya ta bakin Habiba, shin da gaske Malam ya yarda aka yanka hoton?

“Yarda?” in ji Alhaji Sani. “Ya tafi alwala ne. Ya dawo ya tarar an manna, an buga hatimi. Har mota ta tashi bai ce wa ƙaninsa uffan ba. A hanya in ya buɗe takardar sai ya ce, na bar baiwar Allah da rami.”

Alhajin ya kawo jakarsa: carbi, ƙoshiya, rigar nan baƙa, da takardar hanyar da fuskar a jiki. Amma kayan mamaci namiji ake danƙa wa, don haka Lado ya karɓa. Ita kuwa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta taka ƙofar gida. Ta aika Habiba ta ce ba ta son komai a jakar, takardar kawai. Ya ce sai an raba gado. Ta sake aikawa. Aka ce ya tafi Bebeji. A aike na uku ya ce ai ya mayar da ita Kano, takardar mamaci ta hukuma ce. Tsakanin ɗakinta da nasa katanga guda ce, takardar ta kwana arba'in a ɗakin nasa, bai ga dama ya ɗaga ta ko ta saman katangar ta gani ba.

Abin da ya fi ci mata rai, a cikin takabar nan fuskar ta fara ɓace mata. Tarinsa tana ji har yanzu. Tafin ƙafarsa mai faso, in an ba ta gawayi za ta zana. Amma in ta rufe ido ta nemi fuskar, sai ta ga hula, ta ga gemu, tsakiya kuwa ba komai, kamar dai a cikin gilashin.

Ran da ta fita takaba, mata suka taru za su raka ta gidajen godiya. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen nan baƙi, ta saɓa hoton a ƙarƙashin mayafi, ta wuce su ta nufi ƙofar Dagaci. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ake yi, ta ce ƙara ta kawo. Aka kira Lado, ya zo yana tura keke.

Dagaci ya saurara har ta gama, ya gyara zama. “Inna Turai, haƙuri za a yi. Wanda ya tafi ya tafi. Takarda ce fa.”

“Ranka ya daɗe, takarda ce.” Ta zaro hoton ta ɗaga, rana ta ratsa ramin ta sauka a kan buzun Dagaci. “Duba min ita. Wane ne wannan a kusa da ni?”

Wani dattijo ya sunkuyar da kai.

“Ai ita ta ƙona baƙar takardar,” in ji Lado. “Na tambaya a Kano, da tana nan da an wanko goma.”

“Na ƙona. Jahilci ne, kuma kullum ina cin sa da tuwo. Kai da ka san Kano, ka san boko, me ya ci ka? Ka ce ya yarda, ga Alhaji Sani a Doguwa da ransa, a aika a kira shi. Kabarinsa ban san inda yake ba. Ɗa ban da shi. Abu guda na roƙa a duniyar nan, na kaɗa masa zare wata uku, ka sa almakashi don kada mota ta bar ka. Fuskarsa ta dawo har cikin gidanmu, ka bari ina ɗaure a ɗaki ka fitar da ita.”

“Matar Yaya...”

“Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Wane Yayan? Nuna min shi!”

Ta ajiye hoton a gaban Dagaci, ta janye hannunta.

“Ba gona nake nema ba, ranka ya daɗe, ba riga ba. Ya faɗa a gaban jama'ar nan wane ofis ya kai, wane mutum ya miƙa wa. In tana Kano, ya hau kekensa ya je ya karɓo, ni ma zan bi shi ko da rarrafe. In kuwa yaga ta ya yi ya zubar, ya buɗe baki ya ce ya yaga. Ba zan ɗauki abin nan daga gabanka ba, ba kuma zan tashi ba. Tambaye shi, ranka ya daɗe. Ina ya kai fuskar mijina?”